Ɗaki ya yi sanyi amma jiki na danƙo: fashin baƙi kan laimar cikin gida a lokacin zafi

Akwai wani irin zafi da ma'auni baya nuna maka shi sosai amma jikinka ya san da shi. Ka yi wanka ka goge jiki, ko minti biyar ba a yi ba riga ta manne maka a gadon baya, tawul ɗin da aka rataye tun jiya har yanzu da sanyi-sanyi a jikinsa, ƙofar katako ta fara cijewa sai ka sa kafaɗa kafin ta rufu, gishiri ya dunƙule a cikin robarsa, ka buɗe wadrof wani wari ya doki hancinka ka duba takalmin fatar da ka jima baka sa ba ka ga ya yi fari-fari da hunhuna. Yawancin mutane a nan sai su ce ai zafi ne ya yi yawa, su ɗau rimot su sauke esi har 16 ko su wangale tagogi da daddare wai iska ta shigo, kuma duka biyun nan suna iya ƙara lalata lamarin. Ruwa ne ya yi yawa a cikin iskar gidan, kuma sanyaya iska daban, busar da ita daban. Duk wanda bai raba waɗannan biyun ba zai yi ta kashe kuɗin wuta kwalliya bata biyan kuɗin sabulu.

Bari mu fara daga tushe. Iskar da muke shaƙa kullum tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido baya gani, kuma yawan ruwan da zai iya zama a cikinta ya dogara ne da zafinta. Ka ɗauki iska cikin akwati mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya tsayi. In zafinta digiri 10 ne a ma'aunin Celsius, iyakar abin da zata riƙe wajen giram 9 ne na ruwa, in ta kai digiri 20 wajen giram 17, in ta kai 30 kuma wajen giram 30. Kaga kenan duk ƙarin digiri goma kusan ninkawa take yi. Shi yasa lokacin zafi ne ake shan wannan wahalar, iskar waje tana zuwa da kaya mai yawa a kanta.

To shi wannan kashi kaza cikin ɗari da kake gani a manhajar yanayi ta waya, ko a jikin ma'aunin laima, yana gaya maka ne yadda iskar ta cika idan aka gwada da iyakar abin da zata iya ɗauka a wannan zafin da take ciki a lokacin. Adadin ruwan kansa baya ciki. Kuma nan ne ake yawan ruɗewa wallahi. Kashi 60 a digiri 30 da kashi 60 a digiri 20 sam ba ɗaya bane, na farko giram 18 ne na biyu wajen giram 10. Sannan in ka ɗauki waccan iskar mai digiri 30 da kashi 60 ka sanyaya ta zuwa 22 ba tare da ka cire mata ko ɗigon ruwa ba, ma'aunin zai haura kashi 90, alhali baka ƙara komai ba, wurin da ruwan zai zauna ne ya ragu. Wannan shi ne sirrin ɗakin nan da zaka shiga ka ji sanyi amma sanyi mara daɗi, mai nauyi, zanin gado kamar an yayyafa masa ruwa.

Abin da ni na fi yarda da shi shi ne matakin raɓa, kuma manhajojin yanayi da yawa suna nuna shi in ka gangara ƙasa kaɗan. Ma'anarsa zafin da in iska ta sauka zuwa gare shi zata fara zubar da ruwanta. Ciro gorar ruwa daga firij ka ajiye a kan tebur ka zuba mata ido. Da farko wani hazo-hazo zai lulluɓe jikinta, can sai ƙananan ɗigo su fito, su haɗe da juna su yi nauyi su gangaro, kafin ka ankara ta yi wa teburin zobe na ruwa. Gorar bata yoyo, ruwan daga iskar ɗakinka ya fito, saboda sanyin jikin gorar ya sauka ƙasa da matakin raɓar iskar. Iska mai digiri 30 da kashi 70 matakin raɓarta wajen 24 ne, wato duk wani abu a gidan da sanyinsa ya kai 24 ko ƙasa zai jiƙe, bututun ruwan sanyi, tankin masai, tayil ɗin ƙasa a ɗakin da rana bata shiga, bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa ga masu shi, bututun esi da ba a naɗe da kyau ba. In matakin raɓa yana ƙasa da 15 zaka ji iska wasai, ya haura 18 danƙo ya fara, ya wuce 21 kuma sai haƙuri. Amfanin wannan lambar shi ne bata canzawa don kawai iska ta yi zafi ko ta yi sanyi, sai in ruwan cikinta ne ya ƙaru ko ya ragu, don haka da ita zaka iya gwada waje da ciki kai tsaye.

Dalilin da jiki ke galabaita kuwa a fili yake. Gumin da ya tsaya a jiki baya sanyaya mutum, sai ya bushe ya tashi sannan yake tafiya da zafin jiki. In iska ta riga ta kusa ƙoshi da ruwa sai gumin ya tsaya a fata yana tsiyaya a banza. Jadawalin hukumar yanayi ta Amurka ya nuna digiri 32 da laima kashi 70 jiki na jinsa kamar wajen 41. Shi yasa ɗaki mai digiri 26 busasshe ya fi ɗaki mai 23 mai laima daɗin barci nesa ba kusa ba.

Amma gaskiya ba rashin jin daɗin ne ya fi damuna ba, lafiya ce, musamman ta yara da tsofaffi da masu asma. Ƙwayoyin hunhuna suna ko'ina a cikin iska, babu gidan da babu su kuma babu yadda zaka yi ka kore su duka, abin da suke jira kawai wuri mai danshi ne da zai daɗe a haka. Suna samu sai su kama bango, bayan katifa, silin, littattafai, kayan fata. Sannan ga wasu ƙananan ƙwari na cikin ƙura da ido baya gani, suna zaune a katifa da filo da kafet suna cin ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikinmu, kashinsu na cikin manyan abubuwan da ke tayar da asma da atishawa da ƙaiƙayin hanci. Su waɗannan basa shan ruwa, daga iska suke tsotsarsa, in laima ta kai kashi 70 zuwa sama sai su yi ta hayayyafa, in ta daɗe ƙasa da 50 sai su bushe su ragu. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora na musamman kan danshi da hunhuna a cikin gine-gine, inda ta nuna masu zama a gida mai danshi sun fi fuskantar tari da ciwukan numfashi da tashin asma. Ita kuma hukumar kare muhalli ta Amurka shawararta a riƙe laimar cikin gida ƙasa da kashi 60, in da hali tsakanin 30 da 50. A tsakiyar lokacin zafi mai laima samun 50 ba ƙaramin aiki bane, in ka iya riƙe shi tsakanin 50 da 60 ka yi ƙoƙari, abin gudu shi ne ya kwana ya yini a 70 kwana da kwanaki.

Kafin ka sayi wata babbar na'ura dan Allah fara da ma'aunin laima, ɗan ƙaramin abu ne mai batir kamar agogon tebur. In zaka iya sayi biyu, ɗaya a ɗakin kwana ɗaya kana yawo da shi, ka sa a wadrof yau, gobe bayan kujera, jibi kusa da banɗaki, don laima bata zama daidai a ko'ina cikin gida. Kar ka ajiye shi a bakin taga ko gaban iskar esi. Masu arha suna iya kuskure da maki kaɗan, kuma akwai hanyar gwada su a gida: zuba gishiri a murfin gora, ɗiga masa ruwa ya jiƙe amma kar ya narke, saka shi tare da ma'aunin a cikin roba mai murfi da iska bata shiga, ka bari ya kwana. Ya kamata ya nuna 75. In ya nuna 70 ka san kullum zaka riƙa ƙara masa biyar a lissafinka, shikenan.

Sai tambayar daga ina ruwan ke fitowa. Wani daga waje yake shigowa da iska, wannan zamu zo kansa, amma wani kaso mai yawa mu ne da kanmu muke zuba shi. Mutum ɗaya ta numfashi da fata yana fitar da wajen lita ɗaya a yini ko da zaune yake, to lissafa mutum huɗu a ɗaki ɗaya an rufe ƙofa da taga har asuba. Tukunya na tafasa babu murfi. Shi kansa gas ɗin girki in yana ci ruwa yake haifarwa, kilo ɗaya na gas yana sakin kusan lita ɗaya da rabi na ruwa a iska, ban da tururin abin da ake dafawa, mutane da yawa basu san wannan ba. Wanki ɗaya da aka shanya a cikin ɗaki zai iya sakin lita biyu ko fiye, kuma ruwan nan ba ɓacewa yake ba, katifa da labule da bango ne ke shanye shi su riƙa sakinsa a hankali. Ga mofin da ake yi da ruwa sharkaf a bar ƙasa ta bushe da kanta, ga bokitai cike da ruwa a buɗe, ga tukwanen fulawa da yawa a falo ana basu ruwa kullum, ga tankin kifi mara murfi. Ko wanne shi kaɗai kamar ba komai ba, in suka haɗu lita-lita ne kullum.

A ganina duk litar da ka hana shiga iska ta fi litar da zaka biya kuɗin wuta a cire sauƙi. Rufe tukunya. Shanya a waje in da hali, in babu hali ka ware ɗaki ɗaya ka rufe ƙofarsa ka buɗe tagarsa ko ka kunna na'urar tsotse laima a ciki, kar ka baza kaya a kan kujerun falo. Bayan wanka a share ruwan bango da na ƙasa zuwa magudana, a rufe ƙofar banɗaki, a kunna fankar zuƙe iska ta yi kamar minti 20 bayan an fito, a fitar da jiƙaƙƙen tawul. Amma a duba ina fankar take kai iskar, don akwai gidajen da aka yi ganganci aka bar bakinta a cikin silin, wato tururin ya bar banɗaki ya koma saman kanka yana ruɓar da katako. Dole ta fita waje. Haka ta kicin, akwai wadda maiƙo kawai take tacewa ta dawo da iskar cikin ɗaki, wannan bata cire ruwa ko kaɗan. Wani abu kuma, kar a bar fankar zuƙe iska tana aiki yini guda a ranar da waje ke cike da laima, domin duk iskar da ta fitar wata ce zata shigo ta ƙasan ƙofa da tsagar taga ta maye gurbinta, ka fitar da busasshiyar da esi ya sha wahala a kanta ka jawo jiƙaƙƙiya.

Akwai kuma ruwan da ginin kansa ke sha. Rufi mai yoyo, indararo da ke zubar da ruwan sama a gindin bango, ƙasar da ta gangaro wajen gida maimakon ta gangara nesa da shi, bututun da ya tsage a cikin bango yana ɗiga a ɓoye. Alamarsa fenti na kumbura yana ɓarewa, ko wani farin gari kamar gishiri na fitowa a ƙasan bango, ko tabo da ke ƙara faɗi bayan ruwan sama. In wannan ne matsalarka babu na'urar da zata yi maka magani, zaka yi ta zubar da ruwan tanki ƙasa na ƙara turo wani, gyara ake yi. Sabon gini shi ma haka, kankare da filasta suna ɗauke da ruwa mai yawa da ke ɗaukar watanni kafin ya gama fita, don haka wanda ya tare a sabon gida ya ga laima a shekarar farko ya ba shi iska ya yi haƙuri kafin ya manna wadrof a bango.

Yanzu maganar taga, wadda nake ganin an fi yin kuskure a kanta. An saba cewa in gida ya yi danshi a buɗe taga, kuma a lokacin sanyi hakan daidai ne don iskar sanyi ruwanta kaɗan ne. A lokacin zafi mai laima lissafin na iya juyewa. Misali da daddare waje digiri 24 ne laima kashi 90, ciki kuma digiri 28 laima kashi 55. Fatarka zata ce maka waje ya fi sanyi buɗe, amma iskar wajen tana da kusan giram 20 na ruwa ta ciki giram 15. A ɗaki mai mita huɗu da huɗu da tsayin mita uku, duk lokacin da iskar ta sauya gaba ɗaya ka shigo da kusan kwatan lita na ruwa, kuma a dare ɗaya zata sauya sau da yawa, gobe esi zai yi awanni yana kwashe abin da ka shigo da shi da hannunka. Sannan akasin haka ma na faruwa, da rana tsaka waje digiri 35 laima kashi 30, giram 12 kacal, ta fi ta ɗakinka bushewa duk da zafinta. Don haka ka duba matakin raɓa na waje, in ya fi na ciki ƙasa buɗe tagogi biyu masu kallon juna iska ta ratsa, in ya fi shi sama ka rufe. Wanda bashi da esi ko wata na'ura kuma lissafinsa daban ne, shi ba zai rufe kansa cikin zafi ba, kuma iska mai motsi ta fi iska tsayayya ko ta fuskar hunhuna, shi dai ya zaɓi lokutan da waje ya fi bushewa ya wangale ko'ina har da ƙofofin wadrof.

Shi kansa esi tun asali saboda laima aka ƙirƙiro shi. A 1902 wani injiniya Willis Carrier ya tsara na'urarsa ne don wani kamfanin ɗab'i a Brooklyn ta birnin New York, inda takarda ke kumbura tana motsewa saboda danshi har launukan da ake bugawa ɗaya bayan ɗaya basa hawa daidai. Yadda yake aiki kuwa irin na gorar nan ne ta firij, iskar ɗaki tana bi ta kan wasu bututai masu tsananin sanyi, ruwan cikinta ya kwanta a jikinsu, ya taru ya ɗiga cikin tire, ya bi tiyo ya fita waje. Ruwan da kake gani yana ɗiga a bayan gida daga ɗakinka ya fito. Amma fa wannan sai kwamfuresa, wato injin da ke sanyaya bututan, tana aiki, kuma sai ta ɗau wasu mintuna tana aiki kafin ruwan ya taru har ya fara gangarowa. Nan ne matsalar babban esi a ƙaramin ɗaki take. Mutum ya ce bari in sayi mai ƙarfi ya yi sanyi da sauri, to zai yi sanyin da sauri kam, cikin 'yan mintuna ya kai lambar da aka sa masa ya tsaya, bai kai ga cire ruwan kirki ba, can ya sake tashi ya sake tsayawa. Sakamako ɗaki mai sanyi mai laima, irin wanda muka faɗa a sama. Wanda ya yi daidai da girman ɗaki, ko mai inbata da ke rage gudu ya ci gaba da aiki a hankali na dogon lokaci, ya fi busar da iska sosai.

In ka riga ka saya akwai dabaru. Kar ka bar fankar cikin esi tana juyawa kullum ko kwamfuresa ta tsaya, don ruwan da ya kwanta a bututan bai gama sauka ba sai iskar ta sake busar da shi ta dawo maka da shi ɗaki, in na'urarka tana da zaɓin fanka ta tsaya tare da kwamfuresa zaɓe shi. Rage gudun fankar ma na taimakawa, iskar ta fi daɗewa a kan bututan ta fi zubar da ruwa. A rimot akwai wata alama mai kamar ɗigon ruwa, yanayin busarwa kenan, yana da amfani sosai a ranakun da aka yi ruwan sama gari bai yi zafi can ba amma ko'ina danƙo. Wanke filta a kai a kai, kuma ka leƙa tiyon da ke fitar da ruwa, in ya toshe da datti ruwan zai taru a tire ya fara wari ko ya gangaro ta bango. A rufe ƙofa da taga in yana aiki, esi da taga a buɗe kamar kana ƙoƙarin busar da unguwa ne gaba ɗaya.

Sai sauke shi zuwa 16 ko 18 ɗin nan, ni dai bana goyon bayansa. Ban da kuɗin wuta, in waje matakin raɓarsa 24 ne kai kuma ka sanyaya bangon ɗakinka zuwa 18, duk inda iskar waje ta samu ta kutsa ta taɓa bayan wannan bangon ruwa zai kwanta, a cikin silin, a ɗakin da ke maƙwabtaka da naka wanda bashi da esi, a bayan fefan bango mai roba wanda baya barin danshi ya wuce. Hunhunar da ke fitowa a irin nan ita ce mafi muni don baka ganinta, warinta kawai kake ji. Sa shi 24 zuwa 26, ka haɗa da fanka, in laimar ta sauka zaka ji daɗi fiye da yadda kake zato.

Na'urar tsotse laima kuma ita aikinta kenan kacal. Wadda aka fi sani tana da kwamfuresa kamar firij, tana sanyaya iska ta sauke ruwanta cikin tanki sannan ta ɗumama ta ta dawo da ita, don haka ka sani iskar da ke fitowa daga cikinta ta ɗan fi ta ɗakin zafi, ba sanyaya ɗaki take ba, ƙara masa ɗumi ma take yi kaɗan. Akwai wata iri mai amfani da sinadarin da ke shan ruwa, ita ta fi dacewa da wuri mai sanyi kuma ta fi fitar da zafi, a lokacin zafi mai kwamfuresa ce zaɓi. Litocin da aka rubuta a kwali kar su ruɗe ka, sau da yawa an gwada ne a digiri 30 da laima kashi 80, a ɗakinka abin da zata cire zai gaza haka. Sa mata laima kashi 50 ko 55 ta riƙa tsayawa da kanta, ba ta fili kar a matse ta a lungu, rufe tagogi, in tana da wurin sa tiyo ka haɗa shi da magudana don in tanki ya cika kashe kanta take yi kai kana barci kana zaton tana aiki. Inda ta fi amfani shi ne ɗakin ƙarƙashin ƙasa, sito, ɗakin shanya, da gidan da esinsa ke sanyi baya busarwa.

Fanka zalla bata cire ko giram ɗaya na ruwa, gumin jikinka take taimaka wa ya bushe, kuma tana hana iska kwanciya a lungu, wannan ma ba ƙaramin amfani bane. Amma fanka mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa ko ƙanƙara a tanki, ita sanyinta ta hanyar watsa ruwa cikin iska take yinsa. A wuri mai busasshen zafi abu ce mai kyau ƙwarai, a wuri mai laima kuma a rufaffen ɗaki an gudu ne ba a tsira ba, duk ruwan da ka ga ya ragu a tankinta yana cikin katifarka da labulenka. Su kuma 'yan robobin nan masu farin sinadari da ke narkewa ya zama ruwa, da ƙananan ƙunshin da ake samu a kwalin takalmi, na wadrof ne da akwati da durowa, wuri ƙarami rufaffe. A ɗaki guda abin da zasu sha a wata bai kai abin da mutum ɗaya ke fitarwa a kwana biyu ba. A kuma ajiye su inda yara ba zasu kai ba.

Hunhuna tana son inda iska bata motsi, don haka janye wadrof da gado daga jikin bango ko da faɗin tafin hannu ne, kar a cusa kaya a wadrof har ba masaka tsinke, kar a ninke tufafin da basu gama bushewa ba ko kaɗan, katifar da ke ƙasa kai tsaye a riƙa ɗaga ta ana jingine ta ta sha iska. Duk abin da ya jiƙe, kafet ne ko katifa ko kwali, a busar da shi cikin awa 24 zuwa 48, in ya wuce haka hunhuna ta samu shiga. In ta riga ta fito kuma wurin bai kai murabba'in mita ɗaya ba zaka iya da kanka, sa safar hannu da takunkumi, buɗe taga, wanke da ruwa da sabulun wanki ka goge ka busar sosai. Kar ka kankare ta a bushe ƙurarta ta tashi, kar ka shafa fenti a kanta don zata sake ɓullowa ta ƙarƙashi, kuma in zaka yi amfani da bilic kar ka kuskura ka haɗa shi da wani sinadarin wanki, musamman mai amoniya, hayaƙin da ke tashi guba ne. Silin na kwali ko katifar da ta ci ta shiga ciki sosai sai dai a cire a yar. In wurin ya fi haka girma, ko akwai mai asma a gidan, a nemo masu aikin, kuma mai asmar ya bar wurin har a gama.

Kar kuma a wuce gona da iri wajen busarwa, in ma'auni ya sauka ƙasa da 30 maƙogwaro da ido da fata zasu fara bushewa, katako ya fara tsagewa. A lokacin zafi mai laima da wuya ka kai can, sai dai mai kwana da esi a ƙaramin ɗaki rufe ruf, shi in ya farka da kaushin maƙoshi ya duba ma'auninsa ya ɗaga lambar esin da digiri ɗaya ko biyu.